Araha Ba Ta Ado: Darasin Takardun Tallafin Abinci Na Amurka

Duk gwamnatin da ta ce za ta tallafa wa talaka da abinci, ko taki, ko magani, dole ne ta ba shi wata shaida da zai riƙe ya je ya karɓa. Ko takarda ce, ko kati, ko lamba a waya, sai an kashe kuɗi kafin a samar da ita, kuma ɓarayi suna nan a laɓe suna jiran su kwaikwaye ta. Shi ya sa kullum mahukunta suke tsakanin abu biyu. In sun cika takardar da matakan tsaro, kuɗin bugu ya cinye wani kaso na abin da ya kamata ya shiga cikin mayunwata. In kuwa sun yi ta araha, 'yan jabu su buga tasu su cika kasuwa da ita. Babu laifi gwamnati ta nemi rage kashe kuɗi, hasali ma wajibinta ne, tunda dukiyar jama'a amana ce. Amma akwai tambayar da masu lissafin ofis ba su cika yi ba, wadda ita ce ta fi kowace muhimmanci: idan tsimin nan ya haifar da ɓaraka, a kan wa asarar za ta faɗa?

Amurka ta daɗe tana kokawa da wannan tambaya, don haka ya dace mai karatu ya san yadda ta kaya a can. A watan Mayun 1939, lokacin da talauci da rashin aikin yi suka yi wa Amurkawa katutu, alhali rumbunan manoma cike suke da abincin da babu mai saye, gwamnatin ƙasar ta fito da wasu takardu masu kama da kan sarki, aka fara raba su a garin Rochester na jihar Niyok. Mutum zai sayi masu ruwan lemo da kuɗinsa, a kan kowace dala ɗaya sai a ƙara masa masu shuɗi na rabin dala kyauta. Masu ruwan lemon suna sayen kowane irin abinci, masu shuɗin kuwa sai abincin da gwamnati ta ce ya yi kwantai. Wato dai tun farko ba tausayin talaka kaɗai ya kawo shirin ba, akwai neman kasuwa ga manoma a ciki. Kafin a dakatar da shi a 1943 ya ratsa hannun mutum kimanin miliyan 20, ya kuma ci dala miliyan 262. Shugaba Kennedy ya farfaɗo da shi a 1961 a matsayin gwaji, Shugaba Johnson ya sa hannu ya zama doka a 1964, a 1974 ya game ƙasar baki ɗaya. Wata doka ta 1977 ta soke sharaɗin sai mutum ya saya da kuɗinsa, aka koma bayarwa kyauta ga wanda ya cancanta. Ya zuwa 1994 masu karɓa sun kai kusan miliyan 28.

To, a nan ne maganar kuɗin bugu ta zama babba. Takardun nan tamkar kuɗi suke, domin mai kanti zai karɓe su ya kai banki a zuba masa daloli. Saboda haka aka riƙa buga su irin bugun da ake yi wa dala: a sassaƙa zane a jikin farantin ƙarfe, a cika ramukan da tawada, a danna takarda a kai da ƙarfin gaske, har tawadar ta tashi yadda in mutum ya shafa da yatsa zai ji kaushinta. Da farko ma'aikatar buga kuɗi ta gwamnati ce ke yin aikin, daga baya aka ba kamfanoni irin su American Bank Note Company kwangila. Daga tsakiyar shekarun 1970 takardun sun kasance na dala 1, dala 5 da dala 10, kowace da launinta, an ɗinke su cikin 'yan littattafai, kowace takarda tana ɗauke da lamba iri ɗaya da ta bangon littafinta. An hana mai kanti karɓar ta dala 5 ko ta 10 in an riga an yage ta, sai dai in an zo da littafinta mai lamba iri ɗaya da tata. Ta dala 1 kaɗai aka yarda ta yi yawo a matsayin canji. Hukumar jami'an sirrin da aka kafa tun 1865 domin farautar masu buga jabun dala, ita aka ɗora wa bin sawun masu buga jabun waɗannan takardu.

Sai dai akwai bambanci guda tsakanin takardar tallafi da dala, wanda shi ne tushen tsadar. Dala tana shekaru tana zagayawa daga hannu zuwa hannu kafin ta tsufa. Takardar tallafi kuwa tafiya ɗaya take yi: daga maɗaba'a zuwa ofishin rabo, zuwa hannun mai karɓa, zuwa kanti, zuwa banki, daga nan Babban Bankin ƙasar ya ƙirga ya lalata ta. Wata mai zuwa sai a sake sabon lale. Mai karatu ya yi wannan lissafi da kansa: a 1993 tallafin da aka raba ya kai kimanin dala biliyan 22, alhali takarda mafi girma ta dala 10 ce. Ko da a ce duka na dala 10 aka buga, ana maganar takardu sama da biliyan biyu ke nan a shekara guda, kowace an yi mata bugun kuɗi, kowace kuma ƙarshenta shara. Daɗin daɗawa ga kuɗin motocin dako masu sulke, ga ɗakunan ajiya, ga masu gadi, ga ma'aikatan ƙirga, ga kuɗin gidan waya a inda ake aikawa ta wasiƙa.

Duk wanda aka ba amanar baitulmali ya ga wannan, dole ya nemi inda zai rage. Hanyoyin kuwa sanannu ne, kuma kowace da ƙayarta. Ana iya barin bugun sassaƙa a koma irin bugun da ake yi wa kalanda da mujalla, wanda ya fi araha nesa ba kusa ba. Amma abin da kowace maɗaba'ar bakin kasuwa za ta iya bugawa, ɗan jabu ma zai iya, balle da injinan kwafi masu launi suka yawaita a ƙarshen shekarun 1980, abin da ya tilasta wa Amurka ƙara zaren tsaro da ƙananan rubutu a jikin dalarta daga 1990, ta kuma sake fasalin takardar dala 100 a 1996. Ana iya ƙara darajar kowace takarda domin a rage yawan da ake bugawa, amma gwargwadon girman takarda gwargwadon kwaɗayin mai buga jabunta, ga kuma matsalar canji a kanti. Ana iya cewa a buɗe kwangila kamfanoni su yi gasa farashi ya sauka, amma kamfanonin da ke da injin bugun sassaƙa 'yan ƙalilan ne, gasa tsakanin mutum biyu ko uku kuwa ba ta cika karya farashi ba. Kowace ƙofa aka duba, sai a ga tsadar ita ce katangar, domin abin da ya sa takardar ta yi wa gwamnati tsada shi ne ya sa ta gagari ɓarawo.

Abin lura a nan shi ne, babbar ɓarakar da aka samu a zamanin takarda ba daga jabu ta fi zuwa ba. Takardun gaske ne, waɗanda gwamnati ta buga da kuɗinta, suka zama hajar kasuwar bayan fage. Mutumin da ke da takardar dala 100 amma yana neman tsabar kuɗin haya ko na wuta, sai ya kai wa wani mugun mai kanti ya ba shi kamar rabin kuɗin, shi kuma ya kai banki ya karɓi ɗarinsa cif ba tare da ya sayar da ko ƙwayar shinkafa ba. Ma'aikatar gona ta Amurka, wadda shirin ke ƙarƙashinta, ta ƙiyasta cewa a 1993 an yi irin wannan cinikin na kimanin dala miliyan 815, wato kusan dala 4 cikin kowace 100. Babu irin tawada ko zaren tsaron da zai hana wannan, tunda takardar ba ta jabu ba ce, kuma ba ta ɗauke da sunan kowa.

Wannan ciniki ba sabon abu ba ne a tarihi, kuma ɗalibin da ya yi karatun Muwaɗɗa ta Imamu Malik ya ci karo da irinsa a babin ciniki. Malaman tarihi sun kawo cewa bayan farin da aka yi a zamanin Halifa Umar ɗan Haɗɗabi, an riƙa kawo hatsi daga Masar ta teku ana sauke shi a tashar Jar da ke kusa da Madina, ana rubuta wa mutane takardun shaida masu hatimi domin kowa ya karɓi rabonsa. A zamanin da Marwanu ɗan Hakamu yake gwamnan Madina, sai mutane suka shiga saye da sayar da waɗannan takardu a tsakaninsu tun kafin a karɓi hatsin. Zaidu ɗan Sabitu da wani Sahabi suka shiga wurinsa suka yi masa inkari, domin sayar da abinci kafin a karɓe shi a hannu abu ne da aka hana. Marwanu ya aika dogarai suka bi takardun suna karɓewa suna mayar wa masu su. Abin dubawa shi ne, hatimi ya tsare takardar daga jabu, amma bai tsare ta daga 'yan kasuwa ba, sai da aka sami masu faɗa wa mai mulki gaskiya, shi kuma ya ji ya aikata.

Amurka ta zaɓi ta yar da takardar ɗungurungum. An fara gwada katin lantarki a garin Reading na jihar Pennsylvania a 1984, jihar Maryland ta zama ta farko da ta game ko'ina da shi a 1993, sannan dokar da Shugaba Clinton ya sa wa hannu a 1996 ta wajabta wa dukkan jihohi su koma kati kafin Oktoban 2002. Aikin bai kammala ba sai a 2004. A 2008 aka sauya wa shirin suna zuwa SNAP, a watan Yunin 2009 kuma tsofaffin takardun suka daina aiki. Dole a faɗi gaskiya, sauyin ya yi amfani. Kuɗin bugu da dako da ƙirga da lalatawa ya tafi. Kowane ciniki ya zama yana barin sawu a kwamfuta, ta yadda ƙaramin kantin da ba shi da kayan kirki amma yana cinikin dubban daloli a dare ɗaya zai tona wa kansa asiri. Ƙiyasin ma'aikatar gona ya nuna cinikin bayan fage ya faɗo zuwa kimanin dala 1 cikin 100 a tsakanin 2002 da 2005, duk da cewa ya ɗan sake hawa zuwa ɗaya da rabi a tsakanin 2012 da 2014. Talaka ma ya sami sauƙin kunyar fito da littafin takardu a gaban jama'a, domin katinsa kamar na kowa yake.

Amma tsimin da aka gagara yi a kan takarda, sai aka yi shi a kan kati. Katin da aka ba talakawan irin na da ne, mai baƙin layin maganaɗisu a baya, wanda kwafarsa ba ta da wuya. Bankunan Amurka sun koma kati mai ɗan ƙarfen nan mai ruwan zinare a gaba, irin wanda ke jikin katunan bankunan ƙasar nan, musamman daga 2015, saboda shi ba ya kwafuwa cikin sauƙi. Masu hali aka sauya musu, katin abincin miskinai aka bar shi yadda yake, tunda sauyawa kuɗi ne. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Da ƙofar bankuna ta rufe, gungun ɓarayi suka juyo kan wadda aka bari a buɗe. Sukan liƙa wata 'yar na'ura a saman na'urar biyan kuɗi ta kanti, wadda ba a bambance ta da ta ainihi, ta kwashe bayanan kati da lambar sirrin duk wanda ya yi ciniki. Su haɗa katin boge, su jira ranar da aka san ana zuba tallafin wata, kafin mai shi ya farka sun yashe asusun daga wata jiha mai nisa. Mace ta cika kwando da abincin 'ya'yanta, ta zo wurin biya a ce mata babu ko sisi. Abin ya yi ƙamari a 2022.

A nan ne tambayar da aka buɗe wannan sharhi da ita take samun amsa. A zamanin takarda, idan wani ya buga jabu ya kai kanti, ko dai mai kanti ya yi asara ko baitulmalin gwamnati, amma littafin da ke aljihun talaka yana nan daram, ba a rage masa ko ɗaya ba. Shi ya sa gwamnati ta yarda ta yi shekaru tana biyan tsadar bugun sassaƙa, domin aljihunta take karewa. Gaskiya ne a lokacin ma akan yi wa mutum ƙwace ko a sace masa a akwatin wasiƙa, amma sai ɓarawo ya tako da ƙafarsa, gida ɗaya bayan ɗaya. A zamanin kati kuwa, jabun kati ɗaya yana nufin gida ɗaya ya kwana da yunwa, na'ura ɗaya kuma tana iya kwashe na ɗaruruwan gidaje, gwamnati ba ta rasa ko kwabo ba tunda a littafinta ta riga ta biya. Bugu da ƙari, dokar da ke tilasta wa banki ya mayar wa mai asusu kuɗin da aka sace masa ta kati ba ta shafi katin tallafi ba, dokar 1996 ɗin nan ce ma ta ware shi. Da asarar ta tashi daga wuyan gwamnati ta koma wuyan miskini, sai gaggawar tsaro ta mutu. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Sai da koke ya yi yawa sannan majalisar dokokin ƙasar, a watan Disambar 2022, ta amince a riƙa mayar wa waɗanda aka yi wa sata, shi ma da iyaka: kada ya wuce tallafin wata biyu, kuma kada ya wuce sau biyu a shekara. Cikin shekara biyu abin da aka mayar ya haura dala miliyan 250, wannan kuwa na waɗanda suka kai ƙara aka amince da ƙararsu ne kawai. Ranar 20 ga Disambar 2024 wa'adin wannan dama ya ƙare ba tare da majalisar ta tsawaita shi ba. Sai a 2025 jihar Kalifoniya ta fara raba kati mai ɗan ƙarfen tsaro, shekara goma bayan bankuna sun yi. Wannan fa a shirin da a 2024 yake ciyar da mutum sama da miliyan 41, wato kusan ɗaya cikin kowane Ba'amurke takwas, yake kuma cin kimanin dala biliyan 100 a shekara. A ce ƙasar da ke kashe wannan maƙudan kuɗi ta tsaya tana jan ƙafa a kan kuɗin kati mai tsaro, ai an yi garin neman gira an rasa ido, sai dai idon ba na mahukunta ba ne.

Mai karatu zai iya cewa ina ruwan mutumin Kano ko Zariya da katin abincin Amurkawa? Ruwansa shi ne, hanyar da suka bi ita ake bi da shi, kuma da hujja iri ɗaya. A 2009 an gwada rabon takin zamani ta hanyar takardun shaida a jihohin Kano da Taraba. A 2012 gwamnatin Goodluck Jonathan, ta hannun ministan gona Akinwumi Adesina, ta koma tura wa manomi saƙo a waya domin ya je ya karɓi buhu biyu a rabin farashi, bayan ministan da bakinsa ya ce a tsohon tsarin kashi 11 cikin 100 na manoma ne kawai takin gwamnati ke isa gare su. Saƙon waya ba ya buƙatar maɗaba'a, wannan gaskiya ne. Amma manomin da ba shi da waya, ko wanda ƙauyensa babu sabis, ko wanda ba ya iya karanta saƙon, shi ya ɗauki nauyin arahar. Daga baya aka shiga yayin tura tallafin kuɗi ta asusu da kati, ana cewa hakan zai toshe sata. Sai ga shi a watan Janairun 2024 an dakatar da ministar ma'aikatar jinƙai bisa zargin ba da umarnin a tura naira miliyan 585 na tallafin marasa galihu zuwa asusun wata ɗaiɗaikuwa. Kafin nan, a watan Oktoban 2020, jama'a sun ga rumbunan da aka cika da abincin tallafin annobar korona an kulle, alhali mutane suna fama da yunwa. A duk waɗannan babu inda aka buƙaci injin buga jabu. Wanda ke riƙe da jerin sunaye da makullin rumbu ba ya wahalar da kansa da kwaikwayon takarda.

Saboda haka wannan jarida tana ganin akwai ma'auni guda huɗu da ya kamata a ɗora duk wani shirin tallafi a kai, a Amurka ne ko a nan, kafin a yarda da maganar rage kashe kuɗi.

Na farko, lissafin tsimi ya haɗa da asarar mai karɓa. Jami'in da ya zo da takarda yana alfaharin ya rage kuɗin bugu ko na kati da kaza, a tambaye shi gida nawa suka rasa rabonsu saboda wannan ragi. In ba shi da amsa, to bai rage komai ba, ya dai sauke kaya daga kansa ya ɗora wa wanda bai da bakin magana.

Na biyu, wanda ya zaɓi irin shaidar shi zai ɗauki asarar rauninta. Talaka bai zaɓi takarda ba, bai zaɓi kati ba, ba a kuma shawarce shi ba. In aka kwaikwayi shaidarsa aka karɓe rabonsa ba da sakacinsa ba, haƙƙinsa yana nan a wuyan hukuma har sai ta biya. Tarihin Amurka ya nuna ƙarara cewa ranar da asara ta zama ta gwamnati, ranar take samun kuɗin tsaro.

Na uku, a rage a inda ragi ba ya cutarwa. Ado da hoton gwamna ko na shugaba a jikin kati da buhu, da bikin ƙaddamarwa, da kwangilar da aka ba ɗan uwa ba tare da gasa ba, da sake buga sabbin katuna duk lokacin da aka yi sabuwar gwamnati, waɗannan su ne kitsen da ya kamata wuƙa ta hau. Lambar da ke bambance kowace shaida, da hanyar tantance ta a wurin karɓa, da ofishin da wanda aka zalunta zai kai kuka a saurare shi, waɗannan ƙashi ne, in an taɓa su jiki ya rushe.

Na huɗu, a tsare ƙofar ciki kamar yadda ake tsare ta waje. A bayyana wa jama'a nawa aka ware, nawa aka kashe wurin samar da shaidar, wane kamfani aka ba aikin, mutum nawa suka karɓa a kowace mazaɓa. Jerin sunayen da aka liƙa a bainar jama'a, inda mutanen unguwa za su ga sunan mamaci ko na wanda ba a taɓa ganinsa ba, ya fi zaren tsaro arha, kuma a ƙasa irin wannan ya fi shi amfani.

'Yan uwa matasa ma suna da nasu rabon a wannan al'amari, domin su ne ke raka iyaye mata da tsofaffi wurin cirar kuɗi, da yawansu kuma su ne ke zaune a rumfunan POS. Wanda tsohuwa ta miƙa wa kati ta faɗa masa lambar sirri saboda ba ta iya dannawa ba, ya sani amana ce aka ɗora masa, kuma ya koya mata kada ta faɗa wa wanda ya kira ta a waya yana cewa daga banki ko daga ofishin tallafi yake. Wanda aka kawo wa katin taki ko na abinci a rabin kuɗi ya tuna cewa yunwa ce ta kawo mai shi, kuma ribar da aka ci a kan yunwar wani ba ta da albarka. Wanda kuma ya iya karatu da lissafi, ya zama shi ne zai tsaya a wurin rabo ya yi tambaya cikin ladabi: nawa aka kawo, su wa aka rubuta, ina ragowar? Takardun Jar ba su koma hannun masu su ba sai da aka sami waɗanda suka shiga wurin gwamna suka yi magana.

Allah Ya isar wa raunana haƙƙinsu, Ya kuma tona asirin duk mai cin abincin miskinai, da jabu yake ci ko da biro.